“Ni da shi” a ajin Turanci: a fara daga abin da yaro ya zo da shi

A ƙaddara safiyar Litinin ce a wani ajin ƙaramar sakandare a unguwar Dawaki, cikin garin Gombe. Malamar Turanci ta ce kowa ya tashi ya faɗi inda ya je ranar Asabar. Wani yaro ya miƙe, ya gyara wuyan rigarsa, ya ce: “Me and my brother went to Pantami.” Bai rufe baki ba malama ta katse shi. Ba a cewa haka, in ji ta, “my brother and I” ake cewa, kuma mai tarbiyya ba ya sa kansa gaba. Ta sa ajin duka suka maimaita sau uku da ƙarfi, yaron ya zauna yana sunkuyar da kai. Ranar Laraba aka ba su insha'i, sai ya rubuta da ƙwarin gwiwarsa: “Our uncle gave my brother and I some money.” Littafin ya dawo da jan biro a kan wannan “I” ɗin da aka ɗora masa shekaranjiya. Duk wanda ya taɓa riƙe alli, ko ya taɓa buɗe littafin ɗansa da daddare, ya san irin wannan. Yaro ya ce “me” an ce ya yi kuskure, ya ce “I” an ce ya yi kuskure, kuma ko sau ɗaya ba a gaya masa dalili ba. A ganina laifin na hanyar koyarwar ne, kuma maganin yana cikin Hausar da yaron ya shigo aji da ita, wadda sau da yawa ake hana shi furtawa da zarar ya ƙetare ƙofar makaranta.

Mu duba abin da yaron ya riga ya iya tun kafin a saya masa jakar makaranta. Hausa tana da wakilan suna jeri-jeri, kowane da mazauninsa a cikin jimla. Akwai waɗanda suke gaban aikatau, kamar “na je”, “ka dawo”, “ta dafa”. Akwai waɗanda suke bayansa, kamar “an kira ka”, “an gan ta”. Akwai mini da maka da masa, akwai kuma na mallaka da ke liƙe da suna, gidana, gidanka, gidanta. Sai kuma jeri guda mai tsayawa da ƙafarsa: ni, kai, ke, shi, ita, mu, ku, su. Da shi ake amsa tambaya. In an ƙwanƙwasa ƙofa aka ce wane ne, “ni ne” za ka ce. Shi ne kuma jerin da ake haɗa mutum biyu da shi. Babu Bahaushen da zai ce “na da ka mun je kasuwa”, ko ɗan shekara huɗu ne “ni da kai” zai ce. Abin lura shi ne wannan jerin ba ruwansa da ko mutanen ne suka yi aikin ko su aka yi wa. “Ni da shi muka ɗauko buhun.” “Ni da shi aka aika.” “Malam ya kira mu, ni da shi.” Haɗin bai motsa ba ko kaɗan, ƙananan kalmomin nan, “muka” da “aka” da “mu”, su ne suka ɗauki nauyin nuna wanda ya yi da wanda aka yi wa. Wannan tsari ba ɓoyayye ba ne, littattafan nahawun Hausa sun yi bayaninsa, tun daga na M. K. M. Galadanci na 1976 har manyan kundayen Paul Newman na 2000 da Philip Jaggar na 2001.

To, da yaron ya tashi neman “ni” a Turanci, me zai samo? Zai samo “me”, domin ita yake ji ana amsa tambaya da ita a finafinai da waƙoƙi da Turancin buroka na tasha da kasuwa, ita ce kuma ake nuna ƙirji a faɗa. Ya ɗauki ƙa'idar harshensa, ya nemo mata takwara, ya gina jimla. Wannan aikin mai tunani ne. Kuma Hausa ba ita kaɗai ke da wannan hali ba. 'Yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram da suke karatu da Faransanci ba sa fuskantar wannan matsala, domin Faransanci ma yana da jeri mai zaman kansa, moi da toi da lui, kuma da shi ake haɗawa ko'ina. “Lui et moi” ake cewa ko su suka yi ko su aka yi wa, ba wanda zai ce “il et je”. Wanda ya fita daban a nan shi ne Turancin rubutu.

Dalilin fitarsa daban yana cikin tarihinsa. Shekaru 1,000 da suka wuce, sunaye a Turanci suna sauya ƙarshensu gwargwadon aikinsu a jimla, kamar yadda Larabci yake yi har yau. A ƙarnonin da suka biyo bayan mamayar Normandawa ta 1066 waɗannan ƙarshe suka yi ta zubewa, har ya zama jerin kalmomi ne yake nuna wa ya yi wa wa. Abin da ya tsira bai wuce tagwaye shida ba: I da me, he da him, she da her, we da us, they da them, who da whom. Ita kanta “you” asalinta ta karɓau ce, “ye” ce ta aikau, amma zuwa wajen 1600 “you” ta haɗiye 'yar'uwarta. Shi ya sa in aka ce wa yaro “you and I” ko “you and me”, kalmar farko ba ta ba shi wata alama da zai bi. Haka ma in suna ne, Musa Musa ne ko ya bayar ko ya karɓa. A ƙarni na 18 ne masu nahawu irin su Robert Lowth, da littafinsa na 1762, da Lindley Murray, da nasa na 1795, suka kafa wa rubutu mizani, suna yawan auna Turanci da ma'aunin Latin. Ƙa'idar da ta zauna game da maganarmu gajeriya ce: kowane wakilin suna a cikin haɗi zai ɗauki siffar da zai ɗauka da a ce shi kaɗai ne a wurin. Wannan mizani ne ya biyo jirgin ruwa zuwa makarantun zamanin mulkin mallaka, ya gangaro ta littattafai irin su Brighter Grammar har zuwa allon ajin Dawaki. Amma Turancin baki bai taɓa miƙa wuya gaba ɗaya ba. Yaran Landan da na New York har gobe “me and him went” suke cewa a titi. Ashe ɗan Dawaki, ba tare da ya taɓa taka Ingila ba, ya faɗi daidai abin da tsaransa na can yake faɗi.

Matsalar ta fara ne daga yadda aka yi gyaran. Malama ba ta ce masa “I” ake sawa saboda ku ne kuka yi tafiyar ba. Ta ce masa ne kawai ba a cewa “me and”, a ce “and I”. Yaro kuwa mai biyayya ne, kuma harshensa ya riga ya koya masa cewa haɗi ba ya motsi. Sai ya ɗauki “my brother and I” a matsayin dunƙule guda, fassarar “ni da wana”, ya riƙa ajiye shi ko'ina. Garin neman gira an rasa ido. Kuma wannan kuskure na biyu ya fi na farko naci, domin yana da ƙamshin ilimi. Shi ake ji a jawabin godiya a wurin walima, “on behalf of my wife and I”, shi ake gani a wasiƙun ofis, shi ake ji a bakin masu digiri in suna son raɗa, “between you and I”. Wasu kuma da suka ga ko'ina akwai ƙaya sai suka gudu zuwa “myself”, suna rubuta “the chairman and myself attended”, alhali “myself” daidai take da “ni kaina” ko “kaina”, wadda ake kawowa don ƙarfafawa ko don aikin da ya koma kan mai yinsa. Ba wanda yake gyara wa babba, don haka abin sai ya yi ta gado, malami ya koya a wurin malaminsa ya miƙa wa ɗalibi.

Mai karatu da ya san Turanci sosai zai iya tare ni a nan ya ce: ai su masu harshen ma haka suke yi, to mene ne na damuwa? Gaskiya ne suna yi. Shakespeare da kansa, a wasan The Merchant of Venice da aka buga a 1600, ya sa “I” bayan “between” a wasiƙar Antonio, tun kafin a haifi Lowth, abin da ke nuna cewa ba tsoron malamai kaɗai ke haifar da wannan siffa ba. Bill Clinton ya yi irinta a yaƙin neman zaɓen 1992 a Amurka, yana roƙon a ba shi dama shi da Al Gore, masu gyaran harshe suka yi ca a kansa. Babban kundin nahawu na Cambridge da Rodney Huddleston da Geoffrey Pullum suka fitar a 2002 ya nuna cewa siffar ta yaɗu a bakin masu ilimi har ba za a iya share ta a matsayin tuntuɓen harshe kawai ba. Duk na yarda. Sai dai ɗan Dawaki ba a gaban Huddleston zai zauna ba. A gaban WAEC da NECO da JAMB zai zauna, kuma sai da kiredit a Turanci ake shiga jami'a a Najeriya. A sashen zaɓi-ɗaya ana kawo jimla da gurbi, a jera “I” da “me” da “myself” a ce ya cike, amsa ɗaya ce tal a takardar mai maki. A sashen insha'i kuma ana zare masa maki a kan kowane kuskuren nahawu. Ɗan shugaban ƙasa zai iya yin wasa da ƙa'ida ya kwana lafiya. Ɗan mai facin taya da uwarsa ta yi adashe ta biya masa kuɗin jarrabawa ba shi da wannan sarari. Hakkinsa ne a ba shi ƙa'idar rubutu cikakkiya, a kuma gaya masa gaskiya cewa Turancin hira daban yake tafiya. Wannan bambanci ba baƙo ba ne a wurinsa. A Gombe da Bauchi da Zariya ana jin “motan” da “rigan” a bakin mutane kullum, amma ɗalibi ya san “motar” da “rigar” zai rubuta a jarrabawar Hausa, kuma ba ya ɗaukar maganar gidansu a matsayin abin kunya saboda haka.

Abin da ya fi ci mini rai a cikin hoton ajin nan shi ne maganar tarbiyya. Batun wa za a fara ambata dabam yake da batun “I” da “me”, amma an cakuɗa su wuri guda, aka kuma shafa musu man ɗabi'a. A Turanci al'ada ce mai magana ya ajiye kansa a ƙarshe, har Sarauniya Elizabeth ta Biyu ta yi suna da fara jawabi da “my husband and I”. Littattafan makaranta kan ce a fara da wanda ake yi wa magana, sai wanda ake magana a kansa, sai mai magana. Al'ada ce mai kyau a gidanta, kuma ya kamata yaro ya iya ta. Amma Hausa da “ni” take farawa. Ɗa mai ladabi, wanda ba ya iya haɗa ido da mahaifinsa, zai ce “ni da Baba muka je gona”, ba wanda zai ɗaga gira. Matar da ko sunan maigidanta ba ta iya faɗa saboda kunya za ta ce “ni da shi”. Amarya za ta ce “ni da Yaya”, almajiri ya ce “ni da Malam”. Har fim aka yi a Kannywood mai suna Ni da Ke Mun Dace, sunan kuwa ya zauna daram a kunne. Ana iya juyawa a ce “da kai da ni” in ana son wani ƙarfafawa, amma hanyar da baki ya saba ita ce ta farko. Larabci ma da mai magana yake farawa, malaman nahawu sukan jera mai magana, sai wanda ake yi wa magana, sai wanda ba ya nan. Girmamawar Bahaushe tana cikin durƙuso da cire takalmi, da “ranka ya daɗe” da “Allah ya gafarta Malam”, da sakaya sunan ɗan fari da na suruki. Ba ta taɓa zama a jerin wakilan suna ba. Don haka idan aka ce wa yaro sa “ni” a gaba son kai ne, an gaya masa ke nan cewa uwarsa da kakarsa da limamin unguwarsu duk masu son kai ne a kowace jimla da suka furta. Ba zai faɗa ba, amma zai ji. Ɓarnar kuma tana komawa kan Hausar ita kanta, domin a yanzu akan ci karo da fassarar sanarwa ko talla mai cewa “matata da ni muna godiya”, jimlar da kunne yake jin ƙashin Turanci a cikinta tun daga nesa.

Akwai wani wuri da Hausa da Turanci suka fi yin hannun riga, wanda littattafan da aka rubuta wa yaran wata ƙasa ba za su taɓa hango shi ba. Bahaushe yakan ce “mun je kasuwa da Audu” alhali su biyu ne kawai, shi da Audu. “Mun” ɗin ta riga ta ƙunshi Audu, sai aka ambace shi daga baya don a san wane ne abokin tafiyar. Haka “mun haɗu da shi jiya”, “sun rabu da mijinta”, “yaushe kuka yi magana da Hajiya?” Newman ya keɓe wa wannan gini bayani a kundinsa. Yaro zai juya shi kai tsaye ya ce “we went to the market with Audu”, jimlar da ba ta da aibu ko ɗaya a nahawun Turanci, don haka jan biro ba zai taɓa ta ba. Amma mai jin Turanci zai ƙirga aƙalla mutum uku: mai magana, da wani, sannan Audu. A insha'i wannan ba komai ba ne. A takardar bayanin shaida a ofishin 'yan sanda, ko a rahoton wanda ya raka mara lafiya asibiti, mutum na uku da bai taɓa wanzuwa ba zai iya jawo tambayoyin da ba su da amsa. Malamin da ya san Hausa ne kaɗai zai iya ganin wannan rami ya nuna wa ɗalibansa cewa abin da suke nufi shi ne “Audu and I went”. Wanda ya haramta Hausa a ajinsa ya rufe wa kansa ido da hannunsa.

Ga kuma wata dukiya da ake tsallakewa. Yaran unguwanni irin su Dawaki da Bolari da Jekadafari da Herwagana da yawansu suna tashi daga boko su wuce Islamiyya da yamma, wasu har su kai ga nahawun Larabci a can ko a zauren malam. Ajurumiyya, ɗan ƙaramin littafin da Ibn Ajurrum na birnin Fas ya rubuta, wanda ya rasu a 1323, ta daɗe a hannun ɗaliban ƙasar Hausa. A cikinta akwai babin aɗafi, inda ɗalibi yake koyon cewa abin da aka haɗa da harafin “wa” yana bin wanda aka haɗa shi da shi a li'irabi: in na farko rufu'a ne na biyu ma rufu'a ne, in nasabu ne nasabu, in jarra ne jarra. Wannan ita ce ƙa'idar Turancin rubutu, ba ƙari ba ragi. Ɗalibin da ya san bambancin “ana” da “iyyaya”, ya san fa'ili da maf'uli, an riga an gina masa ɗakin, saura a buɗe ƙofar da ke tsakanin karatun safe da na yamma. Jimla guda ta isa: yadda Larabci yake yi a aɗafi, haka Turancin jarrabawa yake yi, Hausa da Faransanci kuwa ba haka suke yi ba. Ba kowane yaro ne ya kai wannan mataki ba, amma a aji mai cunkoso akan sami 'yan kaɗan da suka kai, su kuma za su ja sauran.

A aikace darasin bai fi na minti goma ba. Malama ta rubuta jimlar yaron a allo, ta sa tafin hannunta ta rufe “my brother and”, ta ce a karanta abin da ya rage. “Me went to Pantami.” Ajin zai fashe da dariya, domin ba wanda bai san “I went” ba. Ta koma jimla ta biyu ta sake rufewa. “Our uncle gave I some money.” Nan ma kunne zai ƙi. Sai ta ɗauke hannunta, kalmar da ta dace tana nan inda aka bar ta. Daga nan ta juya zuwa Hausa: ku ce “na je”, ku ce “an ba ni”, kun ga Hausa ma tana sauyawa in mutum shi kaɗai ne, sai dai in an haɗa biyu takan koma “ni da shi”, Turancin rubutu kuwa ba ya komawa ko'ina. Inda rufewar ba ta aiki, kamar bayan “between” da dole sai da biyu, a gwada da jam'i: “between us” ake cewa ko “between we”? In “us” ce, to “you and me” ce. A nan Hausa ma tana taimakawa, domin “tsakanina da kai” muke cewa, ba “tsakanin na da ka” ba, yaro zai ga cewa kowane harshe yana da siffar da yake so bayan irin wannan kalma. Game da “or” da “nor” kuwa, inda littafi yake cewa aikatau ya bi wanda ya fi kusa da shi, har a sami “either you or I am going” mai nauyi a baki, a koya musu ƙa'idar don jarrabawa, a kuma nuna musu cewa gwanayen rubutu kauce mata suke yi, kamar yadda Bahaushe yake cewa “ko ni ko kai, ɗayanmu zai je”.

Babbar sukar da za a yi wa wannan ra'ayi ita ce shigar da Hausa ajin Turanci zai ƙara raunana Turancin da dama can ya yi rauni. Iyaye da yawa suna biyan kuɗin makaranta mai tsada ne don su ji ɗansu yana Turanci, akwai kuma makarantun da har tara suke ci ko bulala in an kama yaro yana harshen gida. Ba na raina wannan damuwa, domin harshe sai da yawan ji da yawan furtawa yake zama, kuma yaron da ba ya jin Turanci a gida yana bukatar kowane minti da zai samu a makaranta. Amma abin da nake kira a yi ba mayar da darasin Turanci darasin Hausa ba ne. Minti biyu ne na kwatance a daidai wurin da harsunan biyu suka saɓa. Hausar tana cikin kan yaron ko an yarda ko ba a yarda ba, da ita yake gina kowace jimla kafin ya furta, kuma kuskurensa shi ne shaidar haka. Hana ta fitowa fili bai kore ta ba, ya dai sa tana aikinta a ɓoye inda malami ba zai iya gyara mata hanya ba. Ƙasar nan kuma tana da gwajin da ya shafi wannan. Daga 1970 Farfesa Babs Fafunwa da abokan aikinsa a Jami'ar Ife suka koyar da wasu yara da Yarbanci tsawon shekaru shida na firamare, Turanci yana matsayin darasi guda a hannun ƙwararrun malamai, kuma yaran ba su gaza takwarorinsu a Turanci ba. Manufar ilimi ta ƙasa ta 1977 ma ta amince da harshen uwa ko harshen da ake yi a yankin a farkon firamare. In an iya yin wancan babba, ɗan kwatancen da nake magana a kai bai kai abin tsoro ba.

Wani kuma zai ce Gombe ba Kano ba ce. Jihar da aka ƙirƙira a 1996 gida ce ga Fulani da Tera da Bolawa da Tangale da Waja da Tula da wasu da dama, me ya sa za a fifita Hausa? Amsa ta farko ita ce a cikin garin Gombe Hausa ce harshen layi da kasuwa da filin ƙwallo, yaron da ake yi wa Tangale ko Fulatanci a gida da Hausa yake wasa da tsaransa, kuma sau da yawa daga ita yake tsallakawa zuwa Turanci. Ta biyu, hanyar ba mallakar Hausa ba ce. Fulatanci ma ya raba “mi” ta gaban aikatau da “miin” mai tsayawa ita kaɗai, ya raba “o” da “kanko”. Malamin da ya tambayi aji yaya ake cewa “ni da kai” a harshen gidanku zai sami amsoshi huɗu ko biyar, ya rubuta su a allo kusa da na Turanci, yara su ga da idonsu inda suka yi kama da inda suka bambanta. Yaron da ya saba ɓoye harshensu zai ga an rubuta shi a allo a karon farko.

Akwai masu cewa ana fama da rashin kujeru da rufin aji da ya yaye, wa ke ta wakilin suna? Waɗancan matsaloli na gaske ne kuma sai da kuɗi za su warware. Wannan kuwa ba ta bukatar ko kwabo, tafin hannun malami da guntun alli sun isa. Sannan ba ƙaramar aba ba ce kamar yadda ake gani, domin da wuya yaro ya ba da labarin yininsa ba tare da ya haɗa kansa da wani ba, shi da abokinsa, shi da innarsa, shi da malaminsu. In a wannan jimla ta farko aka kunyata shi ba tare da dalili ba, abin da yake koya shi ne Turanci harshe ne marar kan gado wanda sai dai a yi ta canka, kuma yin shiru ya fi aminci. Azuzuwanmu cike suke da irin waɗannan masu shirun. Inda za a fara gyara shi ne wurin da ake horar da malaman, a Kwalejin Ilimi ta Tarayya da ke Gombe, da Jami'ar Jihar Gombe da aka kafa a 2004, da Jami'ar Tarayya ta Kashere da aka kafa a 2011. Duk wanda zai fita da takardar koyar da Turanci a wannan yanki ya kamata ya taɓa zama ya jera wakilan sunan Hausa kusa da na Turanci a shafi guda, ya gano da kansa daga ina “me and my brother” ta fito, daga ina “I and my friend” ta fito, daga ina “we went with Audu” ta fito. Malamar da ta yi wannan zama, ranar Litinin in yaron ya ce “me and my brother went”, za ta ce masa: madalla, “ni da wana” ka fassara, kuma haka yaran Ingila suke faɗa a hira, yanzu zo allo ka rufe wanka da hannu mu ga abin da mai jarrabawa yake so.